Man Shanun da Aka Bar wa Maman Dolapo

Maman Dolapo ba ta taɓa rufe kwalba ba tare da ta goge bakinta ba. Ko ana sallama a ƙofa, ko miya na ƙonewa a murhu, sai ta zaro farin tsumman da ke kafaɗarta, ta zagaya bakin kwalbar sau biyu, ta leƙa cikin murfin, sannan ta murɗa. In an ce mata ai ba kome, sai ta ce funfuna daga nan take farawa, daga ɗan abin da ya maƙale a baki wanda kowa ya rena.

Sunanta Dupe, amma a Bagudo Dufe ake cewa, kuma ta daɗe da daina gyara wa mutane. Daga Ogbomosho ta zo tana amarya, ta biyo mijinta Kayode mai gyaran rediyo da fanka. Suka kama ɗaki ciki da shago a bayan kasuwa, shi yana gyara, ita tana sayar da kayan miya. 'Ya'ya uku ta haifa, ɗaya ta rayu, ita ce Dolapo. Ita ma tana shekara goma aka kai ta kudu wurin gwaggonta saboda makaranta, ta zama baƙuwar Kirsimeti.

Bayan tafiyar yarinyar ne Kayode ya sayo firjin. Na hannu ne, ɗan Kwatano, an sauke shi daga jirgin ruwa a Lolo, aka ɗoro shi a bayan a-kori-kura an naɗe shi da katifa. A lokacin duk layin babu mai irinsa. Dupe ta so ta riƙa sayar da ruwan sanyi ne, to amma kwana uku da kunna shi sai ga maƙwabciyarta Zakiyya, Bagobira, da rabin gwangwanin tumatir a hannu. Tsakanin Gobirawa da Yarbawa kuwa akwai wasa, kowa na cewa ɗan'uwansa bawansa ne.

"Baiwata," in ji Zakiyya, "buɗe akwatin sanyin nan ki aje mani wanga, kuma kar in ji an tura shi Ogbomosho."

Dupe ta leƙa gwangwanin ta ce, "Bagobira, wannan ko ɓera ya gani sai ya ƙara miki nasa."

Ta kwashe tumatirin daga gwangwani ta zuba a kwalba, don ta san in ya kwana a ƙarfe ɗanɗanonsa na juyawa. Ta danne shi da bayan cokali, ta tsiyaya man gyaɗa kaɗan a sama yadda iska ba za ta taɓa shi ba, ta goge baki, ta rufe. Da ta rasa yadda za ta bambanta shi da nata, sai ta tsinko jan zare daga gefen zaninta ta ɗaura a wuyan kwalbar.

Daga nan abin ya fara. Ni'ima matar tela ta kawo niƙaƙƙen tattasai, aka ɗaura mata kore. Abu ta kawo zuma, aka ba ta shuɗi. Da launuka suka ƙare aka shiga ƙulli, wani gida ja mai ƙulli biyu, wani ja mai uku. Ba kowa ne ya iya karatu a layin ba, amma babu macen da ba ta san zarenta ba. Shekara ashirin da ɗoriya, ba a taɓa jin wata ta ce an rage mata cokali ɗaya ba.

Dupe na da dokoki, kuma ba ta sassautawa. Wutar garin baƙuwa ce, ta zo yau ta yi kwana uku ba a gan ta ba, saboda haka sau biyu ake buɗe firji a rana, da hantsi da bayan la'asar. In wuta ta zo sai ta daskarar da ruwa a robobi, in ta ɗauke ta jera su tsakanin kwalabe. Cokali mai laima ba ya shiga kwalbar kowa, balle wanda ya taɓa baki. Abin da ke saurin lalacewa can ƙurya yake zama, ba a jikin ƙofa ba. Matan sukan yi mita, su ce ko ofishin gwamnati bai kai nan wahalar shiga ba. Amma lokacin buɗewa na yi za ka gan su a zaune a kan bencin shagon, kowace da busasshen cokalinta, ana ta hira har a manta da miyar da aka baro. Da Kayode ya rasu, 'yan'uwansa suka zo ɗaukar ta, ta dubi bencin nan ta ce ba ta shirya ba.

Cikin masu zuwa akwai wadda ba 'yar layin ba ce. Ruƙayyatu Bafulatana ce, rugarsu na wajen Lafagu, takan kawo nono gari ta huta a inuwar shagon. Ba ta taɓa ba da ajiya ba. Takan yi wa firjin dariya, ta ce kakanninta sun ajiye mai shekara guda ba su san wata wuta ba sai ta itace. Ita ce ta koya wa Dupe yadda ake soya man shanu a hankali har ruwan jikinsa ya ƙone, kumfa ta kwanta, ya daɗe bai yi maƙaƙi ba.

Shi ya sa Dupe ta yi mamaki ranar da ta gan ta, bayan girbi, da kwalba a naɗe cikin zani. Ruƙayyatu ta zauna, ta kwance, ta buɗe murfin. Ƙamshin ya cika shagon.

"Ɗanɗana, Dufe."

Dupe ta kawo busasshen cokali, suka lasa su biyu.

"Na Wule ne," in ji Ruƙayyatu. Wule ita ce saniyar da mahaifinta ya ba ta tun tana budurwa. "Ta tsuhwa, wanga maraƙin shi ne na ƙarshe. Ɗiyata Fatiha ta yi aure. Ran da ta haihu, da wanga mai za a yi mata tuwon jego, kamar yadda anka yi mani da na uwar Wule."

"To me ya sa ba za ki riƙe abinki ba?"

"Jibi za mu ƙetare da shanu. Ga tahiya, ga rana. Kuma kin san Hamma, in ya ga mai a ɗaki sai ya tuna cikinshi na ciwo." Hamma shi ne mijinta. Suka yi dariya. "Ki aje mani. Ruwa na sauka muna dawowa."

Dupe ta miƙa hannu za ta ɗauko zare, Ruƙayyatu ta tare ta. Ta fito da wani siririn abu da ta kitsa, baƙi da sirkin fari, gashin wutsiyar Wule, ta ɗaura a wuyan kwalbar da kanta. Dupe ta goge baki, ta rufe, ta kai ta can ƙuryar ƙasa inda sanyi ya fi daɗewa.

Ruwa ya sauka, ba su dawo ba. Makiyaya da yawa da suka ƙetara Benin a shekarar sun dawo, amma ba su cika son a tambaye su labarin hanya ba. Dajin can ya daina zama na shanu kaɗai. Damina ta biyu ma ta zo ta wuce. Duk ran kasuwar Lolo, Dupe takan rufe shago ta hau mota, ta bi layin masu nono tana tambayar mutanen Hamma na Lafagu. Wasu su ce an gan su gaba, wasu su sunkuyar da kai su ci gaba da dama fura.

Ita kuwa kwalbar ba ta san an yi haka ba. Duk bayan wata uku Dupe takan fito da ita, ta narkar da man a ƙaramar wuta, ta tace da sabon ƙyalle, ta tafasa kwalbar ta kife ta a rana har ta bushe sarai, ta mayar, ta goge, ta ɗaure gashin yadda ta same shi. Ba ta ƙara lasa ba tun ranar farko, sai dai ta sansana. Man ya ragu kamar faɗin yatsa saboda abin da ƙyalle ke sha, har wannan ma yana damun ta, tana tunanin yadda za ta yi bayani.

A shekara ta uku ne ta faɗi a ƙofar shago. Hawan jini ne. Aka kai ta asibiti Birnin Kebbi, ta yi kwana tara. Kafin mota ta tashi ta damƙa wa Zakiyya makulli, Zakiyya kuwa ta riƙe dokar buɗewa sau biyu kamar ita ta kafa ta.

Dolapo ta zo daga Ilorin inda take aikin jinya. Yarinya ce mai son uwarta, wannan ba wanda zai musa. Ana gobe za a sallamo uwar ta riga ta zuwa Bagudo don ta gyara ɗaki. Ta share, ta wanke labule, sannan ta buɗe firji. Kwalabe sun fi talatin, rabi-rabi, kowace da wani tsohon zare da maiƙo ya mayar baƙi, ɗaya ma gashi ne a wuyanta. Ta wuni tana aiki. Ta yanke zaruruwan ta watsa a murhu. Ta sayo robobi masu murfi, ta haɗa tumatir wuri ɗaya, tattasai wuri ɗaya, zuma wuri ɗaya, man shanu kwalba uku ta narkar ta juye a roba guda. Ta manna takarda a kan kowace ta rubuta suna da kwanan wata. Kwalaben ta wanke su tas ta jera a kwando.

Washegari da hantsi ta riƙo hannun uwar ta kai ta gaban firjin, ta buɗe tana murmushi.

Dupe ta daɗe tana kallo. Sannan ta tambaya da Yarbanci, a hankali, ina kwalbar da ke ƙuryar ƙasa.

"Mai gashin nan? Mama, gashin dabba a kan abinci! Ban zubar da man ba, ga shi nan tare da sauran. Ai duk mai ne."

"Gashin fa?"

"Na ƙona."

Dupe ta nemi kujera ta zauna. Ba ta ɗaga murya ba. Ta dubi hannayen 'yarta da sabulu ya jeme, ta ce, "Kin yi aiki."

Bayan la'asar matan suka zo gaisuwa, kowace da cokalinta kamar kullum. Dolapo ta fito da robobin, ta ce kowa ta faɗi yawan nata a auna mata. Ni'ima ta ce nata tattasan da daddawa a ciki, maigidanta ba ya cin wanda babu. Abu kuwa sai kallon robar zuma take yi. Zumarta ba ta sha da koko ba ce, rubutu malam ya wanke a ciki saboda cikin da ke zube mata, ta yi wata huɗu tana lasa da safe, ba wanda ya sani sai ita da Dupe. Yanzu ga ta a gauraye da ta gida uku. Ta mayar da cokalinta cikin hijabi ta miƙe.

Ba wadda ta yi zagi. Zakiyya ce ta ƙarshen fita. Ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Sannu da jiki, Maman Dolapo. Allah shi ƙara sauƙi."

Shekara ashirin da ɗoriya ba ta taɓa kiran ta da wannan suna ba.

Washegari bencin ya wuni babu kowa. Dama Lauwali mai shagon bakin titi ya sa firjin sola, wanda ba ruwansa da ɗaukewar wuta, kuma yana buɗewa ko sau nawa aka ce. Can kwalaben suka koma, a cikin leda, ba zare. Zakiyya da Ni'ima suka aiko cewa nasu kason na man shanu sun bar mata.

Dolapo ta yi kuka, ta ce ita za ta bi gida-gida ta ba da haƙuri, kuma ta bi. An karɓe ta da mutunci, an ce ba kome. Ta roƙi uwar su tafi Ilorin tare, tunda yanzu me ya rage? Dupe ta ce akwai ajiyar da mai ita ba ta zo ba. Da hutun Dolapo ya ƙare ta koma ita kaɗai.

Firjin ya zama ba kome a ciki sai robobin ƙanƙara da robar mai guda ɗaya. Duk da haka sau biyu Dupe ke buɗe shi, da hantsi da bayan la'asar. Takan ɗauko robar ta sansana. Hancinta na jin Wule a ciki, yana kuma jin man kasuwa na Zakiyya, da na Ni'ima da aka cika wa albasa. Ta san babu ƙyallen da zai tace wannan.

Wata biyar bayan haka, ran kasuwar Lolo, wata mai nono ta kira ta tun kafin ta tambaya.

"Ke ce Dufe ta Bagudo? Mutanen Hamma sun ƙetaro. Shanun ba su kai rabi ba." Ta rufe ƙwaryarta da faifai. "Tsohuwar saniyar ma babu. Amma Fatiha na kan gwiwa yau ko gobe. Inna Ruƙayyatu ta ce in an gan ki a ce tana nan tahe ran Laraba ta sama, ta amshi ajiyarta."

Dupe ta yi godiya. Ba ta nufi tasha ba. Ta ratsa ta kara inda ake sayar da shanu, ta yi ta zagayawa har ta ga wata baƙa mai farin bakin wutsiya. Ta roƙi mai ita ya yanko mata gashi kaɗan. Ya yi dariya, ya ce ashe Yarbawa ma na wannan magani. Ta ƙulle a bakin zani ta hau mota.

Kwana goma sha biyu ne tsakani. Ta kitsa gashin yadda ta tuna, ta warware, ta sake kitsawa. Wani lokaci sai a ji ta a shago ita kaɗai tana magana, tana jera kalmomi da Hausa, tana saka 'yar Fulatancin da ta tsinta, kamar mai shirin shiga gaban alƙali. Takan fara da sunan 'yarta, sai ta tsaya, ta sake farawa da nata sunan. Ran Lahadi ta je coci ta zauna a bencin baya, ba inda ta saba ba, kuma ta fita kafin a tashi.

Ran Asabar da safe ta ɗauko kwalbar Ruƙayyatu daga kwando, don ta san ta da wani ɗan tabo a gindi. Ta tafasa ta, ta kife a kan farin tsumman nan. Ta juye man a tukunya ta ɗora a ƙaramar wuta, ta tsaya a kansa har kumfa ta kwanta, ta tace, ta sauke ya huce. Ta kwance bakin zaninta ta ajiye gashin a gefen kwalbar.

Zakiyya na shara a ƙofar gidanta ta ji faɗuwar cokali, sannan ta ji wani abu mai nauyi. Ta same ta a zaune a ƙasa ta jingina da firjin, ido a buɗe, baki ya karkace. Wannan karon har da harshe ya tafi.

Dolapo ta iso da mota ran Litinin. Da ake fitar da ita, Dupe ta yi ta nuna tukunyar da hannun da ya rage mata, tana wani sauti. Dolapo ta rufe tukunyar da faifai, ta ce, "Mama, an gama da wannan, a can akwai abinci." Ta zare wayar firjin, ta tokare ƙofarsa da itace don kada ya yi wari, ta ba Zakiyya makulli.

Motar na shirin tashi Zakiyya ta zo ta dafa tagar. Can ta ce, "Baiwata, wa ya ba ki izinin tahiya?"

Dupe ta dube ta. Bakin ya motsa, ba abin da ya fito.

Ran Laraba Ruƙayyatu ta zo, ta rame har sai da Zakiyya ta sake dubawa. Ta ce Fatiha ta sauka, namiji. Da ta ji abin da ya faru ta yi salati, ta zauna a bencin ta huta, sannan ta tambayi ajiyarta. Zakiyya ta buɗe ɗakin.

Kome na nan yadda aka bar shi. Ruƙayyatu ta ɗaga faifan, man ya daskare a tukunya. Ta sunkuya ta sansana, ta ɗago. Ta ɗauki kitson gashin ta kai shi bakin ƙofa wurin haske, ta juya shi a tafin hannunta, ta daɗe tana dubawa.

"Dufe ta bar mani wata magana?"

Zakiyya, wadda kashi ɗaya na man nan nata ne, ta dubi ƙasa ta ce ba ta ji ba.

Ruƙayyatu ta koma ta ajiye gashin daidai inda ta ɗauke shi, a gefen kwalbar da ke kife a kan farin tsumma, a wanke, a bushe, ba a zuba mata kome ba tukuna.